Yadda Ake Kallon Namun Daji a Balaguron Jirgin Ruwa Tsakanin Tsibiran Galapagos

Tsibiran Galapagos suna cikin tekun Pasifik, kimanin kilomita 1,000 yamma da gaɓar ƙasar Ekwado, wadda take mallakarsu tun shekarar 1832. Aman wuta daga ƙarƙashin teku ne ya haife su, kuma ba su taɓa haɗewa da wata babbar ƙasa ba, saboda haka duk halittar da ke can, in ban da wadda mutum ya kai, kakanninta sun isa ne da fiffike, ko ta iska, ko da iyo, ko a bisa gungumen da ruwa ya kwaso. Manyan namun dawa masu farauta ba su iya wannan ƙetarawa ba, shi ya sa har yau tsuntsaye da ƙadangarun wurin ba su san gudun mutum ba. Baƙo ba zai sha wahalar neman dabba ba. Wahalarsa tana cikin zaɓen tsibiri da wata kafin ya bar gida, sannan da iya riƙe kansa idan dabbar ta kwanta a gabansa. Ga yadda ake bi daki-daki.

Mataki na farko: fara da dabbar, sannan ka nemi tsibirinta

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya fara da kallon hotunan ɗakunan jirgi. Kafin ka duba kowane jirgi, ka rubuta halittu uku ko huɗu waɗanda idan ba ka gan su ba za ka ji tafiyar ta tashi a banza, domin ba kowace dabba ake samu a kowane tsibiri ba, kuma wasu ba su da gida a duniya sai wuri ɗaya ko biyu.

Sanin shekarun tsibiran yana taimakawa wajen fahimtar rabon. Ɓawon ƙasan da suke zaune a kai yana gusawa gabas a hankali, yayin da maɓuɓɓugar wutar da ke ƙasa take nan inda take, don haka tsibiran yamma su ne sababbi, na gabas kuma tsofaffi. Fernandina, autarsu, tana can yamma, kuma dutsenta mai suna La Cumbre ya yi aman wuta a watan Maris na 2024. Kusa da ita Isabela take, wadda ta fi duka girma, inda dutsen Wolf mai tsayin mita 1,707 ya yi nasa aman a 2015 da 2022, Sierra Negra kuma a 2018. A wannan ɓangaren ne wata kwararar ruwa mai sanyi da ake kira Cromwell take tasowa daga zurfi ɗauke da abincin kifi. Saboda haka a nan ne kaɗai za ka ga tsuntsun kormoran da ya daina tashi, wanda fukafukansa suka ƙanƙance har suka zama kamar tsumma, kuma a nan ne mafi yawan tsuntsayen fengwin na Galapagos suke. A Punta Espinoza da ke Fernandina, iguwanar ruwa, wato wani babban ƙadangare baƙi mai kama da damo, takan kwanta ɗaruruwa a kan daskararren aman dutse, wata bisa wata, har mutum ya ɗauka duwatsu ne.

Española tana kudu maso gabas, tana cikin mafi tsufa, kuma kusan dukan tsuntsayen albatros irin na wannan yanki, wato manyan tsuntsayen teku masu dogayen fukafukai, a can suke ƙyanƙyasa. Genovesa tana can arewa maso gabas, jirgi yakan kwana yana tafiya kafin ya kai ta, ya kuma shiga ya tsaya a cikin bakin tsohon dutsen da teku ya fasa ya cika. Ita ce matattarar tsuntsun da mutanen wurin ke kira piquero mai jar ƙafa, wanda ba a cika ganinsa a wani wurin ziyara ba sai Punta Pitt da ke San Cristóbal. Ɗan'uwansa mai shuɗin ƙafa, wanda ya fi shahara, ana samunsa cikin sauƙi a Seymour ta Arewa da Española. Floreana tana da tafkin da filamingo ke kiwo a Punta Cormorant. Manyan kunkuru kuwa, waɗanda tsibiran suka samo sunansu daga gare su, an fi ganinsu a sake a tuddan Santa Cruz.

Akwai tsibirai biyu ƙanana can nesa a arewa, Darwin da Wolf, inda ake haɗuwa da garken kifin shak mai kan guduma da kuma shak mafi girma a duniya. Baƙi ba sa sauka a kansu, kuma jiragen ƙwararrun masu nutso ne kawai suke zuwa, don haka idan ba ka da takardar shaidar nutso da gogewa a ruwa mai ƙarfi, cire su daga lissafi.

A ganina, wanda zai je sau ɗaya a rayuwarsa ya fi dacewa ya nemi hanyar da ta haɗa yammacin Isabela da Fernandina, sannan ya ƙara da ɗaya daga cikin Española ko Genovesa. Tsibiran tsakiya ana iya kai musu ziyarar yini daga otal, amma waɗannan na nesa su ne dalilin biyan kuɗin kwana a jirgi.

Mataki na biyu: zaɓi wata

Duk da cewa tsibiran suna kan layin Ikweta, yanayinsu ba shi da zafin da mutum zai zata, kuma shekara ta kasu biyu. Daga Disamba zuwa Mayu lokacin ɗumi ne: rana tana da ƙarfi, ruwan sama yakan sauko ya ɗauke, tsirrai su yi kore, teku ya kwanta, ruwansa kuma ya yi daɗin shiga. Daga Yuni zuwa Nuwamba kwararar ruwan Humboldt mai sanyi tana ƙarfi daga kudu, sama ta yi dushi-dushi, tuddai su lulluɓe da wani yayyafi mai kama da hazo da ake kira garúa, teku kuma ya riƙa tashi, musamman a Agusta da Satumba.

Kowane lokaci da ribarsa. Ruwan sanyi ya fi abinci, saboda haka a rabin shekara na biyu ne rayuwar cikin teku take bunƙasa, kifin wel ya yawaita a mashigin Bolívar da ke tsakanin Isabela da Fernandina, zakunan teku kuma, wato wasu dabbobin ruwa masu shayarwa da ke fitowa gaɓa su huta, su haihu. A lokacin ɗumi kunkurun teku suke fitowa yin ƙwai a yashi, iguwanar ruwa ta Española ta rine da ja da kore wajen Disamba da Janairu, mazan fragata na Genovesa kuma, wato wani babban baƙin tsuntsun teku, su hura jar jakar maƙogwaronsu wajen Maris da Afrilu. Abu ɗaya da ba ya karɓar sassauci shi ne albatros: yana Española daga Afrilu zuwa Disamba, sauran watannin yana can bisa teku. Wanda ya je a Fabrairu don ganinsa ya yi asarar tafiya. Wanda kuma ya san jirgi yana sa shi amai, gara ya guji Agusta da Satumba.

Mataki na uku: karanta jadawalin jirgin kafin farashinsa

An kafa gandun dajin Galapagos a 1959, kuma ya mamaye kusan kashi 97 cikin ɗari na ƙasar tsibiran. Hukumar gandun ce take tsara wa kowane jirgi inda zai je da lokacin da zai je, kuma tun 2012 tsarin ya kasance zagaye ne na kwana 15, wanda a cikinsa jirgi ba ya maimaita wurin ziyara. Kamfanoni sukan yanka wannan zagayen gida-gida su sayar: kwana huɗu, ko biyar, ko takwas, ko duka. Ma'anar wannan ita ce jirgi ɗaya zai iya zuwa yamma a wannan mako, ya tafi gabas a mako mai zuwa, kuma kyaftin ba shi da ikon karkata don ya faranta maka. Saboda haka ka nemi jadawalin ainihin ranakun da za ka yi tafiya, mai ɗauke da sunan kowane wuri safe da yamma, ka gwada shi da jerin da ka rubuta a mataki na farko.

Ka kuma lura da yadda ake ƙirga kwanaki. Ranar isowa rabinta yana tafiya a filin jirgin sama, ranar komawa kuma ziyara ɗaya ce da sassafe, don haka balaguron kwana huɗu cikakkun ranakunsa biyu ne. Kwana takwas shi ne ma'auni mai kyau. Idan kamfanin ya haɗa gajerun balaguro biyu ya kira su ɗaya, a tsakiya za a koma tashar ruwa a sauke wasu a ɗauki wasu, ka tambaya me za a yi da kai a wannan yinin.

Game da girma, doka ba ta yarda jirgi ya ɗauki baƙi sama da 100 ba, kuma da yawansu mutum 16 suke ɗauka, wanda shi ne iyakar adadin da jagora ɗaya zai iya ja. Ƙaramin jirgi yana sauke mutanensa cikin 'yan mintuna, amma yana rawa a kan igiyar ruwa. Babba ya fi natsuwa, wani har da likita a ciki, sai dai sauka tana ɗaukar lokaci. Jirgi mai gindi biyu yana tsaka-tsaki. Idan kana tsoron jiri, nemi ɗaki a ƙasa kuma a tsakiyar jirgi, ko da tagarsa ƙarama ce. Sai ka yi tambaya a kan jagora: shekarunsa a aikin, da harshen da zai yi bayani da shi, domin idan rukuni ya haɗa masu jin Sifaniyanci da masu jin Turanci, rabin lokacin bayani fassara ce za ta cinye shi.

Mataki na huɗu: takardu da kuɗin shiga

Ba a zuwa Galapagos kai tsaye daga ƙasar waje. Sai ka fara sauka a Kito ko Gwayakil, manyan biranen Ekwado, daga nan ka hau jirgin cikin gida zuwa tsibirin Baltra ko San Cristóbal, tafiyar kusan awa biyu daga Gwayakil. Ka tabbatar tun da wuri ko fasfo ɗinka yana buƙatar bizar Ekwado, ka kuma isa ƙasar aƙalla kwana ɗaya kafin ranar, saboda jirgin ruwa ba ya jiran wanda ya makara, kuma cim masa a wani tsibiri abu ne mai wuya da tsada. Ka duba da kyau wane filin jirgi balaguron zai fara da wanda zai ƙare, don sau da yawa ba ɗaya ba ne.

Kuɗin Ekwado dalar Amurka ce. Kafin ka tashi daga Kito ko Gwayakil za ka biya dala 20 na katin shiga tsibiran, wanda za ka adana har ranar fita. Da saukarka za ka biya kuɗin gandun daji, wanda tun Agusta 2024 ya koma dala 200 ga babban baƙo ɗan ƙasar waje. Ka riƙe tsabar kuɗi don wannan da kuma tukuicin jagora da ma'aikatan jirgi a ƙarshe. Inshorar da ta ƙunshi ɗaukar mara lafiya ta sama tana da muhimmanci, saboda daga yammacin Isabela zuwa babban asibiti tafiya ce mai nisa. Agogon tsibiran yana bayan na Kito da awa ɗaya.

Za a bincika kayanka don neman iri, da 'ya'yan itace, da ƙasa, da ƙwari, za a kuma fesa magani a ma'ajiyar kaya ta jirgin sama kafin sauka. Kada ka ɗauki wannan a matsayin takura. Awakin da mutane suka kai sun taɓa cinye ciyawar kunkuru a tsibirai da dama, har sai da aka yi shekaru ana aikin kawar da su, kuma wani ƙuda da ya shigo daga waje yana nan har yanzu, tsutsarsa tana shan jinin 'yan tsakin ƙananan tsuntsaye a cikin sheƙa. Ka wanke ƙasan takalmanka sarai tun daga gida.

Mataki na biyar: kaya

Ka taƙaita, domin ɗakin jirgi ƙarami ne. Kana buƙatar takalmi mai ƙarfi a rufe saboda daskararren aman dutse yana yanka kamar fasasshiyar kwalba, da sandal mai maɗauri wanda ruwa ba ya ɓatawa, da hula mai faɗi mai igiya, da riga mai dogon hannu, da man kare fata daga rana, da rigar sanyi mara nauyi don dare. Ka ɗauki gorar ruwa da ake sake cikawa, tunda an hana robobin da ake amfani da su sau ɗaya a yar. Madubin hangen nesa mai ƙarfin ninki takwas ya isa, wanda ya fi haka yana rawa a hannu idan jirgi na motsi. Ka ƙara da jakar da ruwa ba ya shiga, da ƙaramin littafin rubutu, da duk maganin da kake sha na tsawon tafiyar. Jirgi mara matuƙi na ɗaukar hoto haramun ne ga baƙi, ka bar shi a gida.

Mataki na shida: tsarin yini da yadda ake sauka

Ana ziyartar wuraren gandun ne tsakanin ƙarfe 6 na safe da 6 na yamma, kuma yawancin doguwar tafiya da dare ake yin ta. Idan za ka sha maganin jiri, ka sha kafin jirgi ya ɗaga, bayan ka nemi shawarar likita tun a gida, domin idan amai ya fara maganin ba ya zama a ciki. Kowane dare jagora zai tara ku ya bayyana shirin gobe. Kada ka tsallake wannan zama, kuma ka saurari abu biyu: irin ƙasar da za a taka, da irin saukar da za a yi.

Babban jirgi yana tsayawa nesa da gaɓa, a kai ku da ƙaramin jirgin roba mai inji da ake kira panga. Sauka iri biyu ce. A busasshiyar sauka za ka taka dutse ko matakala kai tsaye, wanda sau da yawa yana da santsi. A jiƙaƙƙiyar sauka kuwa panga zai matso bakin yashi, ka zauna a gefensa, ka juyo da ƙafafu waje, ka zame cikin ruwan da ya kai ƙauri ko gwiwa, takalmanka a rataye a wuya. Ka sa rigar kariya daga nutsewa, ka saka kyamara a jaka domin hannuwanka biyu su zama a sake, kuma idan ma'aikaci ya miƙo hannu, ku riƙe juna a tsintsiyar hannu, saboda jiƙaƙƙun yatsu suna suɓucewa. Ka jira ya ce ka taka, shi ne yake karanta igiyar ruwa. Idan an dawo za a wanke muku ƙafa da takalmi kafin ku hau, don kada yashi da irin wani tsibiri su bi ku zuwa wani.

Mataki na bakwai: a kan tsibiri

Dokokin kaɗan ne. A bar tazarar mita biyu tsakanin mutum da dabba, ko da ita ce ta matso. Ba a taɓawa, ba a ciyarwa, ba a kunna hasken kyamara, ba a shan taba, ba a fita daga hanyar da aka yi wa alama da turaku, ba a rabuwa da jagora, kuma ba a ɗaukar komai. Kowace doka tana da dalilinta a ƙasa. Iguwana da kunkurun teku suna binne ƙwai a yashi, taku ɗaya a wajen hanya yana iya rufta ramin. Uwar zakin teku tana gane ɗanta da murya da ƙanshi, don haka shafa jaririn da ya zo yana shinshinar takalminka cutarwa ce gare shi. Idan dabba ta kwanta a tsakiyar hanya, wanda yakan faru kullum, ka tsaya jagora ya nuna ta inda za a kewaye. Ka riƙa duban ƙasa kafin ka ja da baya don ɗaukar hoto, domin launin iguwana da na dutse ɗaya ne. Akwai kuma wata bishiya ta bakin teku mai suna manzanillo, mai 'ya'ya kamar ƙananan tuffa, wadda ruwanta yake ƙona fata, 'ya'yanta kuma guba ne, kada ka fake a ƙarƙashinta.

Da yake dabbobin ba sa gudu, abin da ya rage maka shi ne kallon abin da suke yi, kuma wannan yana bukatar zama. Idan jagora ya ba da lokaci, zaɓi dabba ɗaya, ka durƙusa ko ka zauna don tsayinka ya ragu, ka ajiye kyamara na minti biyar. Iguwanar ruwa, wadda ita kaɗai ce ƙadangaren da ke kiwo a cikin teku, za ka ga tana atishawa, wani farin abu yana fita daga hancinta: gishirin da ta haɗiya tare da gansakukar teku take fitarwa. Da safe takan baje jikinta ga rana don ta tara zafi, sai rana ta ɗaga manyan su shiga ruwa, su fito a sandare su sake kwanciya. Wanda ya san wannan tsari ya san lokacin da zai tsaya a bakin ruwa.

Piquero mai shuɗin ƙafa yana da rawar neman aure, inda namiji yake ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya yana nuna launinta, sannan ya miƙe baki da wutsiya sama ya buɗe fukafukai. Kana iya bambance su da kunne: namiji fito yake yi, mace kuma tana da kakkausar murya. Ba sa gina sheƙa, a ƙasa suke yin ƙwai cikin da'irar farin kashinsu, su ɗumama shi da tafin ƙafa. Fragata kuwa gashinsa ba ya jure ruwa, ba ya iya sauka a teku, shi ya sa yake tsintar kifi daga saman ruwa ko ya bi wani tsuntsu a sama ya matsa masa har ya saki abin da ya kamo. Idan ka ga piquero yana dawowa daga teku, ɗaga madubinka sama da shi, wataƙila ɗan fashin yana biye. A Punta Suárez ta Española, ka nemi wuri kusa da bakin gangaren, domin albatros yana da nauyin da tashi daga fili yake masa wuya, sai ya yi tafiyarsa ta rangaji har bakin dutse ya faɗa cikin iska. A Genovesa, bayan an hau matakalar da aka sa wa sunan Yarima Philip, ka bi filin dutsen da ido a hankali, akwai wata mujiya da ke farauta da rana, tana laɓewa a bakin ramukan ƙananan tsuntsayen teku.

Ƙananan tsuntsayen nan masu kama da gwara da ake jinginawa ga Charles Darwin, masanin halittu ɗan Ingila wanda ya yi kusan mako biyar a tsibiran a 1835, ba su da wani kyau, kuma yawancin baƙi sukan wuce su. Ka dubi bakinsu kawai: wani kakkaura ne na fasa iri, wani dogo ne na shiga furen kaktus, wani siriri na kama ƙwari. Kada ka damu da sanin sunan kowanne, ƙwararru ma suna ruɗewa. Ka rubuta tsibirin da siffar bakin, bayan kwana huɗu bambancin zai fito maka da kansa.

Dabba ɗaya ce take bukatar taka-tsantsan na gaske, wato babban namijin zakin teku, mai kumburin goshi, wanda yake sintiri a bakin ruwa yana haushi don kare yankinsa. Kada ka shiga tsakaninsa da teku ko tsakaninsa da matansa, kuma idan ya nufo ka, ja da baya ba tare da gudu ba.

Mataki na takwas: cikin ruwa

Rabin abin kallon Galapagos a ƙarƙashin ruwa yake, kuma kusan kowace rana ana yin iyo da tabarau da bututun numfashi. Idan ba ka taɓa yi ba, ka koya a wurin wanka kafin tafiya, ka kuma gaya wa jagora gaskiyar iyawarka, zai fara da kai daga bakin yashi ya ba ka abin da zai riƙe ka a sama. Ka gwada tabarau a fuska tun a jirgi: idan ka ja numfashi da hanci ya manne ba tare da maɗauri ba, ya yi daidai. A tsibiran yamma da kuma lokacin sanyi, rigar roba mai hana sanyi dole ce.

A ruwa mai zurfi daga panga ake shiga, a bi kwararar ruwa, panga yana biye. Kada ka yi kokawa da ruwa, idan ka gaji ɗaga hannu a ɗauke ka. Ka rage bugun ƙafa, ka naɗe hannuwa, ka bar jikinka ya yi lamo. 'Yan zakunan teku su ne za su zo da kansu suna juyi a gabanka, kunkurun teku kuma zai ci gaba da kiwonsa muddin ba ka tare masa hanyar hawa shan iska ba. A Bartolomé da yammacin Isabela fengwin yakan wuce kamar kibiya. A dutsen León Dormido kusa da San Cristóbal, ka riƙa duban ƙasa cikin shuɗin ruwan, nan ne ake iya hango shak mai kan guduma.

Mataki na tara: kada ka raina lokacin tafiya

Bayan abincin rana yawancin mutane barci suke yi. Idan jirgi yana ratsa mashigin Bolívar ko yana kewaya arewacin Isabela, ka hau sama ka zauna a inuwa. Ka fara duban teku da ido kawai, kana bin sararinsa daga hagu zuwa dama, sai ka ga alama sannan ka ɗaga madubi: feshin ruwa da ya tashi ya watse, ko taron tsuntsaye suna faɗawa wuri ɗaya, ko wani sashe na ruwa da ya canja launi. Ka roƙi ma'aikata su ƙwanƙwasa maka ƙofa idan an ga kifin wel ko dolfin, ko da kana barci. Da dare kuma ka leƙa gefen jirgi, akwai wani tsuntsun teku mai launin fari da toka, mai jan da'ira a ido, wanda da dare yake kiwo, yakan bi jirgi cikin duhu.

Mataki na goma: kunkuru da ranar fita

Idan jadawalinka ya kai ka tuddan Santa Cruz, ka karɓi takalman roba da ake bayarwa, saboda akwai laka da tururuwa masu cizo. Babban kunkuru yana iya haura kilo 200, ya kuma rayu fiye da shekara 100. Ka zo masa ta baya ko ta gefe. Idan ka ji ya yi huci ya janye kai, iskar huhunsa ya fitar don ya sami wurin ɓuya, kuma alama ce ka matso da yawa. Ka lura da ƙoƙon bayansa: na tuddai masu damshi a dunƙule yake, na busassun tsibirai kuma ya ɗage ta gaba kamar sirdi, don wuya ya iya miƙewa zuwa ga kaktus. A cibiyar bincike ta Charles Darwin da ke Puerto Ayora, babban garin Santa Cruz, za ka ga inda ake renon ƙanana kafin a mai da su tsibiransu. Kunkurun Española sun taɓa raguwa zuwa 15 kacal, aka tara su aka yi ta kiwo shekaru da dama, har aka mai da tsofaffin gida a 2020. Na tsibirin Pinta kuwa ba a yi nasara ba, na ƙarshensu ya mutu a 2012, gawarsa tana nan a adane a wurin.

A daren ƙarshe ka haɗa kaya, ka zazzage aljihu da takalmi da jakar kyamara, domin a filin jirgin sama za a sake bincike, kuma ɗan dutse, ko ƙoƙon dodon koɗi, ko yashi a kwalba na iya jawo maka tara da tsaiko. Ka ware katin shigarka na dala 20 tare da fasfo, ka bar madubin hangen nesa a waje, saboda yawancin jirage suna yin ziyara ɗaya da asuba kafin a wuce Baltra, kuma a wannan lokacin ne tsuntsaye suke fita kiwo.